Rajistar tsofaffi da nakasassu a unguwarmu, Gadarif ta Sudan: inda aiki ya kwana

3 Disamba 2024

Yau ranar masu nakasa ta duniya, kuma yau ɗin ne Allah ya yi aka sa mana hannu a takardar da muka daɗe muna bi a sashen kula da jama'a na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. An yarda mu fita gida gida mu rubuta tsofaffi da nakasassu na unguwarmu ta Hausawa da ke gefen gari. Ni aka ɗora wa tunda ni ce mai jin Hausa a sashen kuma nan aka haife ni, sai aka haɗa ni da samari biyu na lajnar unguwa, wato kwamitin unguwa, da wata ungozoma wadda ba gidan da bata taɓa shiga ba.

Dalilin aikin ba wani abu bane mai wuya. Duk abun da ake rabawa a garin nan, katin inshorar lafiya ne, hatsin zakka ne, keken guragu ne, a layi ake samunsa, kuma wanda yafi kowa buƙata shine wanda bazai iya zuwa layin ba. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye ba zata tsaya a rana tun asuba ba, makaho sai ya samu ɗan jagora, kurma yazo ma a kira sunansa bai ji ba a wuce shi. To sunansu baya takarda, wanda kuwa baya takarda a wajen ofis kamar babu shi ne. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin nakasassu tun 2009, muna da dokar masu nakasa ta 2017, abun da ya rage shine dokar ta taka da ƙafarta ta shiga zaure.

Littafi babba muka saya, kowane mutum shafi ɗaya: suna, shekaru da ƙiyasi, irin lalurar, wa ke kula dashi, yana da lambar ɗan ƙasa ko babu, yana da katin inshora ko babu, wane magani yake sha.

12 Disamba 2024

Ko layi uku bamu gama ba canjin kuɗi ya faɗo mana. Tun ranar 10 ga wata aka fara karɓar tsofaffin takardun kuɗin Sudan na jinai 500 da 1000, kuma ba hannu da hannu ake canzawa ba, sai ka zuba a asusun banki. Asusu kuma baya buɗuwa sai da lambar ɗan ƙasa, raƙam wadani ɗin nan. To ku duba tsofaffinmu, kuɗin likkafani ne ƙulle a gefen zani ko a cikin tsohuwar kwalla ƙarƙashin gado, wata tun kafin yaƙin basasar da ya ɓarke a 2023 take tarawa daga sayar da gyaɗa da ƙuli, bata san Bankak ba, manhajar banki ta waya, bata da waya ma. Duk gidan da muka shiga kafin mu buɗe littafi ana tambayarmu, ustaza da gaske kuɗinmu zai zama takarda?

Dole muka ajiye tsarin da muka yi muka koma wannan. Abun da muka shirya da shehin unguwa da liman shine, duk tsohon da bashi da asusu zai zaɓi wanda ya yarda dashi da bakinsa, a ƙirga kuɗin a gaban shaidu biyu, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kwafi ɗaya yana wajen liman ɗaya yana wajena. Ba aikin mahaliyya bane a rubuce, amma in muka ce ba ruwanmu wallahi akwai waɗanda za'a cinye musu da sunan taimako, kuma ba baƙo ne zai ci ba, na gida ne.

Wata iya ta ƙi sam. Tace min 'yar nan ni na ga canjin kuɗi ba sau ɗaya ba, na ga dinari ya zo ya tafi, bazan ba ɗan kowa ba. Gaskiyarta ce kuwa ta gani, dinari ya shigo a 1992 aka koma jinai a 2007, bayan raba ƙasa a 2011 aka sake buga wasu. Sai da ƙanwarta da take ji da ita ta zo daga wata unguwa sannan ta buɗe ƙullin.

29 Disamba 2024

An ƙara wa'adin canjin, mun samu numfashi. Mun koma rubutu. Kaka ce yanzu, mazan duk suna gonaki ana yankan dawa, gidajen sai mata da yara da tsofaffi, wanda hakan ya mana daɗi don mata sun fi faɗin gaskiyar wanda ke kwance a ɗaki.

14 Janairu 2025

Sojojin gwamnati sun sake karɓe Madani, babban birnin jihar Jazira, ranar 11 ga wata, garin nan bai yi barci ba. 'Yan gudun hijirar da ke makarantun unguwa da gidajen mutane tuni sun fara maganar komawa, wasu tun Disambar 2023 suke nan, wasu kuma sun zo daga Sinja da Dindir tsakiyar 2024, na gabashin Jazira sun biyo baya wajen Oktoba. Mun yanke cewa zamu buɗe musu littafi daban, ba don wariya ba, don in mutum zai tafi mu bashi takarda a hannu mai ɗauke da lalurarsa da maganin da yake sha, ya kai wa duk wanda zai tarar can.

Wani abu da nake so in rubuta tun yanzu don kar ya wuce: yawancin tallafin da ke zuwa da sunan wanda ya yi hijira yake zuwa. Daidai ne, sun baro komai. Amma akwai tsohuwa 'yar gari da ta sauki iyali biyu a gidanta shekara guda, buhun dawarta ya ƙare a kansu, ita kuma ba'a rubuta ta ko'ina saboda bata yi hijira ba. Irinta suna da yawa a littafinmu. Na sa wani layi a shafin kowa, "ya sauki baƙi ko a'a", zan kai wannan gaba in an zauna.

22 Janairu 2025

Tunda aka kai hari tashar wutar Shawak wuta ta zama sai a hankali, ruwan famfo ma da yake dama Gadarif ba'a rabuwa da matsalarsa ya ƙara wuya, kuɗin gangar ruwa a keken jaki ya hau. Masu ciwon suga da ke allurar insulin su ne hankalina ya tafi kansu. Ungozomarmu ta nuna wa iyalai yadda za'a sa kwalbar a leda a ɗaure sosai a ajiye ta cikin sanyin randa a inuwa, kar ruwa ya shiga kuma kar rana ta taɓa. Wani mai shago da ke da sola ya yarda a ajiye wa mutum huɗu a firij ɗinsa, Allah ya saka masa.

9 Fabrairu 2025

Littafin farko ya cika. Da na zauna na bi shi shafi shafi abu ɗaya ne ya fito fili, katangar da ta tare kusan komai ita ce lambar ɗan ƙasa. Babu ita babu katin inshora, babu asusun banki, ko a lajnar zakka sai an tambaya. Kuma waɗanda basu da ita su ne mafi tsufa, musamman mata.

Ga yadda abun yake ga wanda bai sani ba. Tun dokar rajistar jama'a ta 2011 aka koma wannan lamba. Kafin a baka sai ka kawo takardar haihuwa, in babu sai takardar ƙiyasin shekaru wadda likitoci ke bayarwa, shi yasa zaka ga tsofaffin Sudan da yawa a takarda an haife su 1 ga Janairu. Sannan sai shaida daga dangin uba wanda shi yana da tasa lambar. To tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu ina zata samo ɗan'uwan ubanta? Duk sun rasu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 cewa tayi wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 1 ga Janairu 1956 ɗan ƙasa ne, mutanen nan kuwa kakanninsu sun zo tun zamanin hijirar bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 a Arewacin Najeriya, wasu a hanyar Makka suka yada zango suka zauna, su suka yi noman auduga a Jazira suka yi na dawa da riɗi a nan. Haƙƙinsu a fili yake, takarda ce babu. Kuma da yawansu tsoron ofis suke tun da can, saboda tambayoyin da aka sha yi wa iyayensu in sun je neman takardar ƙasa, wani dattijo ce min yayi ɗiyata ki bar ni, na kusa tafiya inda ba'a tambayar lamba. Na ce masa Baba ai kafin tafiyar akwai maganin hawan jini na wata wata, shi nake so ya zo da sauƙi. Yayi shiru sannan yace to rubuta.

Abun da muka fara: bin zuriya. Ɗan ɗan'uwan uba ma dangin uba ne, to muna zama da tsohuwa ta lissafo mana gidan ubanta, mu nemo wanda ke raye mai lamba, wani yana Kasala wani yana Mai Wurno wani yana Damazin, a kira shi a waya a roƙe shi ya zo. Aiki ne mai cin rai amma yana tafiya. Na kuma rubuta takarda ta hannun shugaban sashenmu ana roƙon a turo na'urar ɗaukar hoto da yatsa unguwa ko da yini ɗaya ne saboda waɗanda basa tashi. Muna jira.

4 Maris 2025

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata. Lajnar zakka ta unguwa ta karɓi sunayen da muka tace, wannan ne karon farko da suka yi rabo da littafi ba da wanda ya zo ƙofa ba. A Sudan hukuma ce ke karɓar zakka, Gadarif kuma jiha ce ta noma, zakkar amfanin gona tana da yawa, to ba daidai bane a ce tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a gonakin nan yana kwana da yunwa don bashi da mai tsaya masa.

Mun yi gardama sosai akan wakili. Wasu a lajna suna ganin a ba duk wanda ya zo da katin tsoho, a huta. Ni ban yarda ba. Mun ga gidan da jika ke karɓa da sunan kakarsa ita kuma sai kunun da makwabta suka miƙo. Amma kuma bazan ce kowane wakili ɓarawo bane, yawanci 'ya'ya mata ne da suka bar aure ko sana'a suna jinya shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Matsayar da aka tsaya: wanda baya iya fita, samarin lajna su kai masa har ɗaki a keken jaki, a sauke a gabansa ya gani da idonsa ko ya taɓa da hannunsa. Kuɗin keken masu shagunan bakin kasuwa suka ɗauka.

Takiyyar masallaci ma, inda ake dafa abincin sadaka, mun roƙe su su ware kwanuka na kaiwa gida kafin a buɗe layi, kuma masu suga da hawan jini a rage musu gishiri. Mai girkin tace tukunya ɗaya gare ta ba biyu ba, sai aka shirya ta ɗebi nasu kafin ta zuba gishirin ƙarshe.

6 Afrilu 2025

Barkanmu da sallah. Bayan sojoji sun karɓe Khartum ƙarshen Maris motocin komawa sun ƙaru, littafin baƙi yana ta raguwa. Mutum uku daga littafin 'yan gari sun rasu cikin azumi, Allah ya jiƙansu, ɗaya daga ciki shine baban nan mai hawan jini, lambarsa bata riga ta fito ba.

27 Afrilu 2025

Rukunin farko na katin inshorar lafiya ya fito, na waɗanda dama suna da lamba, kuɗinsu ta hanyar zakka aka biya. Da katin ganin likita da gwaji a cibiyar da aka rubuta ka ba sai ka biya ba, magani kuma kashi 25 cikin ɗari kake biya. Sai dai fa in maganin yana nan. Wata rana a je a samu wata rana a ce a duba kasuwa, a kasuwa kuma kuɗi cikakke. Masana'antun magani da manyan rumbuna yawanci a Khartum suke kuma yaƙi ya bi ta kansu, kowa ya sani, amma tsohon da ya saba da ƙwaya ɗaya kullum in ya rasa ta sati biyu jikinsa bai san wannan bayanin ba.

Mun fara rubuta ranar da maganin kowa zai ƙare a bangon littafi, sati ɗaya kafin ranar wani yaro ya tafi da katunan gaba ɗaya ya duba. Ya rage mana masu yankewa.

Sai maganar yaran da ake ɓoyewa. Wannan ban so in taɓa ta da gaggawa ba. Akwai gidajen da muka shiga aka ce mana ba kowa, daga baya ungozoma ta ja ni gefe tace akwai yaro a ɗakin baya ita ta karɓi haihuwarsa, baya magana baya tafiya. Ba mugunta bace, kunya ce da tsoron bakin mutane, wasu kuma suna tsoron kar a ƙi auren 'yan'uwansa. Bama shiga da littafi a irin wannan gida. Ungozoma ke zuwa ita kaɗai ta gaisa ta sha shayi, ta koma, ta sake komawa, har uwar ta buɗe baki da kanta. Uwa ɗaya da ta yarda ta fito da 'yarta tsakar gida, ashe yarinyar kurma ce kawai, hankalinta ras, shekararta tara bata taɓa shiga aji ba. Wannan ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Muna neman mata hanyar shiga ajin kurame in makarantu sun daidaita.

18 Mayu 2025

An bamu kekunan guragu kaɗan daga wani tallafi, masu ƙananan tayu na gaba irin na cikin asibiti. Mun gode, amma duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san baƙar laka ce, da rani ta tsage ta yi rami rami da damina ta kama ƙafa kamar danƙo, wannan keken ko ƙofar gida bazai wuce ba. Mun raba su ga waɗanda zaman ɗaki da tsakar gida suke, ko ba komai za'a fito dasu su sha iska a kai su bayan gida ba tare da an ɗauke su a hannu ba. Masu fita neman abinci kuwa keke mai taya uku na tuƙawa da hannu suke buƙata, mun je wajen wani mai walda a kasuwa ya duba wani tsoho yace zai iya ƙera irinsa da tayoyin keke in an kawo ƙarfe. Na rubuta a rahoton wata cewa nan gaba a tambaye mu kafin a sayo.

Masu buƙatar ƙafar roba mutum biyu ne, ɗaya suga ta ci ƙafar ɗaya harbi ne a hanyar gudu, an tura sunansu cibiyar da ke yi.

15 Yuni 2025

Na'urar hoto ta zo! Yini ɗaya aka bamu, a zauren shehin unguwa, waɗanda basa tashi kuma ma'aikacin ya yarda aka zaga dashi gidajensu da la'asar, Allah ya yi masa albarka bai nuna gajiya ba. Matsalar da ta taso yatsun wasu tsofaffin sun goge saboda shekarun fartanya da wanki, na'ura ta ƙi karanta su, sai a shafa ɗan mai a goge a sake gwadawa. Ba'a gama kowa ba, waɗanda shaidarsu bai iso daga nesa ba sun rage. Na roƙi a sake bamu rana bayan damina.

2 Yuli 2025

Ruwa ya fara sauka. Bara kwalara ta yi mana ɓarna a jihar nan da damina, kuma tsoho ko mai shanyewar jiki in gudawa ta kama shi kafin a ankara ruwan jikinsa ya ƙare. Mun bi gidajen da ke littafi da ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa da gishirin zawo, an nuna wa masu jinya yadda ake haɗa gishirin, leda ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsabta.

Bayan gida shine abun da ba wanda ke faɗa sai ka tambaya. Masai na tsuguno ne ko'ina, wanda gwiwarsa ta mutu ko ƙafa ɗaya gare shi yaya zai yi? Wasu rarrafe suke a ƙasa har bakin rami, da damina cikin laka. Samarin lajna sun fara wani abu mai sauƙi, kujerar ƙarfe a huda tsakiyarta a ɗora kan ramin, a kafa sanda a gefe ta riƙewa, makafi kuma a ɗaura musu igiya daga ƙofar ɗaki zuwa masai. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma cikin duk abun da muka yi tun Disamba ban ga wanda aka yi mana addu'a a kansa kamar wannan ba. Na sa shi a kasafin da zamu miƙa wa mahaliyya, layi na farko, gaban keke ma.

10 Agusta 2025

Laka ta rufe layukan ƙasan unguwa, raksha, wato adaidaita sahu, bata shiga, keken jaki ma sai da dabara. Zagayen mako ya koma na waya inda akwai waya, inda babu mun naɗa makwabciya ɗaya a kowane layi ta leƙa safe da yamma ta aiko yaro in da wani abu. Ɗakuna biyu na tsofaffi sun fara zuba, an mayar dasu gidan dangi kafin a samu leda da kara a gyara.

An zauna da shugaban sashe ranar Alhamis. Ya karɓi maganar masu saukar baƙi yace zai kai ta taron da ake yi da ƙungiyoyi, ya kuma ce wata unguwar suna so a koya musu tsarin littafin. Na ce sai an bamu mutum ɗaya ƙari, kuma a sa wa ungozoma wani abu a wata, don tun farko kyauta take yi kuma rabin gidajen nan ita ta buɗe mana su. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, zan sake tuna masa ƙarshen wata.

Abun da ke gabanmu yanzu: lambobin da aka ɗauka a Yuni sun fara fitowa, za'a haɗa su a tura neman katin inshora rukuni na biyu. Mai walda ya gama keke ɗaya, gwaji sai ƙasa ta bushe. Shaidu uku har yanzu muna jiransu daga Damazin, hanya ce ta hana su. Gobe in Allah ya kaimu ni da ungozoma zamu je gidan yarinyar nan kurma, uwarta ta aiko tana so a yi maganar makaranta a gaban babanta.